DUNIYA MAKARANTA: Tsofaffin Laburare Da Sharaɗin Kashi Goma

Cikin gine-ginen da ake yi don amfanin jama'a, da wuya a sami wanda ya kai laburare saurin samun mai ginawa, da wuya kuma a sami wanda ya kai shi saurin rasa mai kulawa. Ranar buɗewa akan tara manyan baƙi, a yanke ƙyalle, a ɗauki hotuna, makaɗa su cika wuri. Bayan 'yan shekaru kuwa, in mutum ya bi ta wurin sai ya tarar rufi yana yoyo, gara ta kama kantoci, littafin da ya fi kowane sabunta a ciki ya girmi yaron da ya zo karanta shi. Daga nan sai a ta da maganar gyara irin na zamani, watau a yi fenti, a shimfiɗa tayil, a jera kwamfutoci, sa'an nan a sake kiran manyan baƙi su yanke wani ƙyallen.

Wannan cuta ba ta ƙasar nan kaɗai ba ce, ba kuma yau ta fara ba. Attajirin da ya fi kowa gina laburare a duniya ya hango ta tun fiye da shekara 100 da suka wuce, har ya ƙulla mata sharaɗi. Labarin gine-ginensa, da abin da ya same su da suka tsufa, shi ne filin nan zai bi a wannan mako, don kuwa akwai darasi a ciki ga kowace hukumar da ke shirin taɓa tsohon laburarenta.

ƊAN MASAƘI

An haifi Andrew Carnegie a garin Dunfermline na ƙasar Sikotilan cikin 1835. Ubansa masaƙi ne, da injunan saƙa suka kashe masa kasuwa sai ya kwashi iyalinsa a 1848 suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka sauka kusa da birnin Pittsburgh. Yaron bai yi nisa a makaranta ba, tun yana ɗan shekara 13 ya shiga aikin ƙwadago. To, a garin akwai wani dattijo, Kanar James Anderson, mai littattafai wajen 400, wanda kowace Asabar yakan buɗe ɗakinsa yara 'yan ƙwadago su ari littafi, su dawo da shi mako mai zuwa su karɓi wani. A nan Carnegie ya yi karatun da bai samu a makaranta ba, bai kuwa manta da wannan alheri ba har ya mutu a 1919.

Da ya girma sai ya zama sarkin masu narka ƙarfe na Amurka, har a 1901 ya sayar da kamfaninsa a kan dala miliyan 480. Ba za a ce dukiyar ba ta da tabo ba. A 1892 an zubar da jini a masana'antarsa ta Homestead lokacin da ma'aikata suka yi yajin aiki, saboda haka ne ma waɗansu garuruwa suka ƙi karɓar kyautarsa, 'yan ƙwadago suna cewa da laburare gara ƙarin albashi da ragin lokacin aiki. Duk da haka, tsakanin 1883 da 1929 an gina laburare 2,509 da kuɗinsa. Daga ciki 1,689 suna Amurka, 660 a Birtaniya da Ailan, 125 a Kanada, sauran suna warwatse har da Afirka ta Kudu da tsibirin Morishas. Na farkonsu a garin haihuwarsa yake, uwarsa ce ta aza harsashinsa a 1881, aka buɗe shi a 1883.

GINI NAWA, CIYARWA TAKU

Abin da ya bambanta Carnegie da sauran masu kyauta shi ne, ba ya ba da gini haka kawai. Duk garin da ya roƙa, tilas ne ya ba da fili, ya yarda kowa zai shiga kyauta, kuma majalisar garin ta ɗauki alkawari a rubuce cewa kowace shekara za ta fitar da kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin daga harajin jama'a, don sayen littattafai, da biyan ma'aikata, da gyare-gyare. Watau garin da aka yi wa ginin dala 10,000 zai riƙa kashe dala 1,000 duk shekara. Cikin shekara 10 garin ya biya kwatankwacin abin da aka ba shi, kuma bai gama ba, don alkawarin ba shi da ranar ƙarewa.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane hikimar wannan sharaɗi ba. Mai gidan ƙasa ya san ranar da magini ya sauko daga kan katanga ba a gama gida ba, aikin ma ya fara ke nan. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an duba indararo, an toshe inda ya tsage. Gidan da aka yi wa haka ya kan ga jikoki da tattaɓa kunne, wanda aka yi wa sakaci kuwa damina uku ta ishe shi. Kashi goman Carnegie shi ne yaɓen laburare.

Sakatarensa, James Bertram, shi ke duba takardun roƙo da taswirar gini. Da ya ga garuruwa suna ɓarnar kuɗi wajen ƙubba da ginshiƙan ado, sai a 1911 ya fitar da wata 'yar takarda mai bayyana irin ginin da ake so: zaure ɗaya mai faɗi, tagogi a sama don haske ya shiga kuma a sami bangon jingina kantoci, da teburin ma'aikaci a tsakiya inda mutum ɗaya zai iya ganin ko'ina. A irin waɗannan gine-gine ne al'adar barin mai karatu ya shiga tsakanin kantoci ya zaɓi littafi da hannunsa ta yaɗu, alhali a da sai dai ya rubuta suna a takarda ya tsaya a bayan kanta a ɗauko masa. Galibinsu kuma suna da matakala mai tsawo a ƙofa, da fitila a gefenta.

Ko da sharaɗin ma, ba duka aka dace ba. Gidauniyar Carnegie, wadda ya kafa a 1911, ta tura wani masanin tattalin arziki mai suna Alvin Johnson a 1915 ya zaga ya gani da idonsa. Ya dawo da labarin cewa gine-gine suna nan da kyansu, amma da yawa ba su da ma'aikaci mai horo, ba su da isassun littattafai, waɗansu garuruwan kuma sun saɓa alkawari. A 1917 gidauniyar ta daina ba da sabon kuɗin gini, daga baya ta mai da ƙarfinta wajen horar da ma'aikatan laburare. Mai karatu ya lura: waɗanda suka fi kowa ginawa su ne suka fara gane cewa bulo da siminti ba su isa ba.

DA TSUFA YA ZO

Da shekaru suka ja, sai abubuwan da aka yi alfahari da su suka zama nauyi. Matakalar nan ta ƙofa ta hana guragu da tsofaffi shiga, har a 1990 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta a sauƙaƙe wa naƙasassu shiga gine-ginen jama'a. Wayoyin lantarkin da aka ja don 'yan fitilu ba za su ɗauki kwamfutoci ba. Garuruwa sun girma, zauren da ya ishi kakanni ya yi wa jikoki kaɗan. Saboda haka kowane gari ya tsaya a mararraba: ko ya gyara, ko ya sayar, ko ya rushe.

Mutanen Dunfermline sun zaɓi gyara. Sun bar tsohon ginin da kantocinsa na katako yadda suke, suka jingina masa sabon sashe mai gidan tarihi da laburaren yara da na'urar hawa bene, a kan kuɗi fiye da fam miliyan 12. An sake buɗe shi a 2017, a wannan shekara kuma ya ci kyautar ginin da ya fi kowane kyau a Sikotilan. Abin lura a nan shi ne, bayan duk wannan aiki laburare ne har yanzu, ana aron littafi a ciki kamar yadda aka fara a 1883.

A birnin Washinton kuwa labarin ya sha bamban. Laburaren da Carnegie ya gina can, wanda aka buɗe a 1903 gaban Shugaba Theodore Roosevelt, ya yi aiki har 1972 sa'ad da aka kwashe littattafan zuwa sabon gini. Daga nan ya yi ta sauya hannu, har a 2019 kamfanin Apple ya gyara shi tsaf ya buɗe kantin sayar da waya da kwamfuta a ciki. Bangon ya tsira, yana ƙyalli fiye da da, amma wanda ya shiga da niyyar aron littafi zai fito hannu rabbana.

A unguwar Herne Hill ta birnin Landan, majalisar yankin ta rufe laburaren Carnegie a 2016 da nufin mai da wani sashensa wurin motsa jiki don a sami kuɗin shiga. Mutanen unguwa, har da yara da tsofaffi, suka shiga ciki suka ƙi fita wajen kwana 10. An sake buɗe shi a 2018, aka kai wurin motsa jikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Rigimar ba ta rasa nasaba da tsuke bakin aljihun da gwamnatin Birtaniya ta yi, wanda a cikinsa aka rufe laburare kusan 800 tsakanin 2010 da 2019. Ƙasa mai arziki ma, in ta daina yaɓe, bangonta faɗuwa yake yi.

Akwai kuma gyaran da ke neman ya fi ɓarna muni. Babban laburaren birnin Niyok, wanda aka buɗe a 1911, yana da kantocin ƙarfe hawa bakwai waɗanda su ne ma ke ɗauke da babban zauren karatu a bisansu. Shugabanninsa suka shirya cire kantocin duka, a kai littattafai masu yawa ajiya wata jiha, don a sami sarari irin na zamani, a kan kuɗi wajen dala miliyan 300. Malamai da marubuta suka yi ca, har aka kai ƙara kotu, a 2014 aka janye shirin.

KUSA DA GIDA

Misalin da ya fi kusa da halin ƙasar nan yana Afirka ta Kudu. Babban laburaren birnin Johannasbag an buɗe shi a 1935, a 1974 kuma ya buɗe ƙofarsa ga baƙar fata, tun mulkin wariyar launin fata yana da ƙarfinsa. An rufe shi a 2009 aka yi masa gagarumin gyara, har da taimakon Gidauniyar Carnegie, aka buɗe a 2012 ana ta yabo. Ba a cika shekara 10 ba aka sake garƙame shi. Da farko annobar korona ce a 2020, sa'an nan a 2021 hukuma ta ce rufi yana yoyo, kayan kashe gobara kuma ba su cika ƙa'ida ba. Littattafai fiye da miliyan ɗaya suka zauna a kulle, ɗalibai suna wucewa ta bakin ƙofa. Sai da ƙungiyoyin mutanen gari suka yi ta zanga-zanga kana aka sake buɗe shi a 2025. Kuɗin gyara ya samu, na kulawa ne ya gagara.

To, ƙasar nan fa? Kuɗin Carnegie ya iso nan ma, ko da yake ba ta hanyar gini ba. A 1932 aka buɗe Laburaren Ikko da gudummawar dala 6,000 daga gidauniyarsa, bisa ƙoƙarin wani babban ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, Alan Burns. Sai dai na biyan kuɗi ne, don haka Turawa da 'yan boko masu hali ne suka fi cin moriyarsa. A Arewa kuwa abin ya fara ne da ɗakunan karatu na En'e, waɗanda suka yaɗu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don jama'a su sami labarin yaƙi, su kuma karanta jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ke aika akwatunan littattafai zuwa waɗannan ɗakuna.

A 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan kan yadda za a kafa laburaren jama'a a Afirka. Jihar Gabas ce ta fara amsawa, ta kafa dokar hukumar laburare a 1955, ta buɗe babban laburaren Enugu a 1959, har da motar da ke kai littattafai garuruwa. Doka ta riga gini da shekara huɗu, wannan kuwa shi ne tsarin da ya dace. Gidauniyar Carnegie ta ba da kuɗin kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare a Jami'ar Ibadan, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe nata sashen a 1968. Gwamnatin Arewa ta gayyato wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, wanda ya miƙa rahotonsa kan bukatun laburare na Arewa a 1963, amma kafin a yi nisa sai aka ƙirƙiro jihohi a 1967, aka rarraba abin da ke Kaduna, kowace jiha ta kama gabanta. Gine-ginen da jihohi suka yi bayan wannan, musamman zamanin da kuɗin man fetur ya yi yawa, su ne yanzu suka tsufa suke jiran mai duba su.

Laburaren Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1964, shi ma yana da nasa labarin. A 2006 aka ba da kwangilar gina hedkwatarsa a Abuja a kan fiye da naira miliyan dubu 8, da wa'adin wata 22. Har zuwa 2025 ba a gama ba, sai da ta kai uwargidan Shugaban Ƙasa ta roƙi masu son yi mata kyautar zagayowar ranar haihuwarta su zuba kuɗin a asusun kammala ginin. A Ikko kuma, laburaren Herbert Macaulay da ke Yaba, wanda aka gina a 1966, banki ne ya ɗauki nauyin gyara shi a 2017. Duk waɗannan abin godiya ne. Amma kyautar attajiri da ta banki sau ɗaya suke zuwa, damina kuwa kowace shekara take zuwa. Asusun TETFund yana taimakon laburaren jami'o'i da kwalejoji, na jama'ar gari kuwa yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi, inda sau da yawa in an biya albashi ba abin da ke saura.

IN ZA A GYARA

Hukumar da ta yi niyyar gyara tsohon laburarenta, ya kamata ta bi aikin daki-daki, ta fara da rufi. Ruwa da gara su ne manyan abokan gaban takarda, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamfuta 50 a ƙarƙashin silin mai ɗiga asara ce kawai aka jera.

Sa'an nan a girmama hikimar maginan farko. Yawancin tsofaffin gine-ginen nan an yi su da rufi mai tsawo, da baranda, da tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, saboda an san zafin ƙasar. Mai gyara ya kan zo ya toshe su da gilashi ya kafa na'urar sanyaya ɗaki, ranar da aka ɗauke wuta kuwa zauren ya koma tanda, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya fi kyau a bar tagogin, a sa musu raga saboda ƙurar hunturu da sauro, a ɗora faranti mai tara hasken rana don fitilu da fankoki, yadda ɗalibi da ma'aikacin da ya taso daga aiki za su iya karatu bayan magariba.

Bayan haka a dubi ƙofa. A yi gangare don mai keken guragu, a tanadi abin karatun makafi, a keɓe wa yara wurinsu, a kuma shirya wurin da matan aure za su zauna hankali kwance, da makewayi mai ruwa. A dubi kantoci kuma. Ɗalibin da ya zo da littafinsa daga gida don shirin jarrabawa inuwa da kujera kawai ya samu, bai sami laburare ba. Ana bukatar sababbin littattafai kowace shekara, har da na Hausa da sauran harsunan ƙasa, tsofaffin jaridu da rubuce-rubucen ajami kuma a ɗauki hotonsu a adana kafin su ruɓe. Kwamfuta da intanet lalle suna da wuri, don saurayin da ba shi da kuɗin sayen data a nan zai cika takardar neman aiki ko ta shiga jami'a. Amma kwamfuta takan tsufa cikin 'yan shekaru, kuɗin intanet kuma wata-wata ake biya, saboda haka kowace na'ura da aka shigo da ita ƙarin baki ne da za a ciyar.

Wannan shi ya sa sharaɗin ɗan masaƙin nan bai tsufa ba. Kafin a sa hannu kan kwangilar gyara, majalisar dokokin jiha ta fara rubuta nawa za a riƙa fitarwa duk shekara, nawa na littattafai, nawa na rufi da magani, kuma a riƙa bugawa jama'a su gani. Attajirai da bankunan da ke son taimakawa su yi koyi da Carnegie, su ce ba za su ba da kwabo ba sai sun ga alkawarin a rubuce. Akwai ma hanyar da Musulmi suka daɗe da sani, watau wakafi: a tsayar da rumfuna ko gida wanda hayarsa za ta riƙa shiga asusun laburare har abada, ƙarƙashin amintattun mutanen gari. Su kuma mutanen gari su sani a Landan da Niyok da Johannasbag masu karatu ne suka tsaya tsayin daka har hukuma ta saurara.

Duk kwamishinan da zai yanke ƙyallen laburaren da aka gyara, ya dace wakilan jaridu su yi masa tambaya ɗaya kafin a ɗauki hoto: ranka ya daɗe, nawa aka ware wa wannan gida a kasafin kuɗin baɗi? Allah ya sa a dace, amin.